Oxygen ko FrameMaker? Wannan tambayar daga ƙarshe ya kamata ta zo

Duk lokacin da wani kamfani ya gaji da yadda takardun bayanin kayansa suka cakuɗe, manuwal ɗin na'ura ɗaya yana da kwafi barkatai a Word kowanne da nasa gyaran, ba wanda ya san wanne ne na gaskiya, sai kaji an ce to a koma XML. Kuma abu na farko da ake fara musu a kai shi ne wace manhaja za a saya. Wani ya ce Oxygen, wani ya ce FrameMaker tunda da shi muka saba, wani kuma an nuna masa demo ɗin Paligo ya dawo yana ta zuzutawa. Ni dai a ganina daga wutsiya aka faro wannan musun. Manhajar da marubuci zai buɗe ya yi taifin a ciki ita ce mafi sauƙin canzawa a duk harkar nan. Abin da yake ɗaure kamfani shekaru masu yawa shi ne tsarin da aka zuba rubutun a ciki, da inda aka ajiye shi, da hanyar da yake bi har ya fito ya zama PDF ko shafin intanet.

Ga wanda bai taɓa shiga harkar ba, bambancin a taƙaice shi ne a Word kana gaya wa kwamfuta yadda rubutu zai fito, wannan ya yi kauri, wancan ya yi ja. A XML kuwa kana gaya mata mene ne rubutun, wannan gargaɗi ne, wannan mataki na uku ne na aikin, wannan sunan maɓalli ne. Kwalliyar daga baya ake ɗorawa, da wani fayil daban. Tunanin ba sabo ba ne, a IBM aka fara shi a 1969 da GML na su Charles Goldfarb, ya zama SGML wanda hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da shi a 1986, sannan W3C, ƙungiyar da ke tsara ma'aunan shafukan intanet, ta fitar da XML a 1998 a matsayin sassauƙan SGML ɗin. Tun farko manufar ita ce rubutu ya fi manhajar da aka rubuta shi da ita tsawon rai. To in ka sha wahalar komawa XML sannan ka wayi gari rubutunka ba ya aiki sai a cikin kayan kamfani ɗaya, me ka yi kenan?

Shi ya sa nake cewa a fara da tsari. Manya guda uku ne ake yawan cin karo da su, S1000D da DocBook da DITA, kuma ɗaya ma ba zaɓi ba ne. In kana haɗa kayan jirgin sama ko kana kwangila da rundunar soja, wanda ya ba ka aikin zai iya rubuta S1000D, ma'aunin rubuta manuwal na wannan fannin, a cikin yarjejeniya, shi kenan magana ta ƙare, sai ka nemi kayan aikin da suka iya shi. DocBook tun 1991 yake, kamfanin HaL da O'Reilly suka faro shi, kuma tunaninsa tunanin littafi ne, babi-babi, sashe-sashe, daga bango zuwa bango. In abin da kake rubutawa dogon littafi ne guda wanda ake karantawa a jere, yana yi maka aiki lafiya lau ba tare da hayaniya ba. DITA kuma IBM ce ta ƙirƙira ta miƙa wa ƙungiyar tsara ma'aunai ta OASIS, ya zama ma'auni a 2005, sigar 1.3 ta fito a 2015. Shi ba ruwansa da littafi, gutsattsari ake rubutawa, ko bayanin abu, ko matakan yin wani aiki, ko jadawalin bayanai, sai a zo da wani fayil da ake kira taswira a jera su yadda ake so.

Nan ne fa ya kamata a zauna a yi lissafi na gaskiya, don DITA yana da nauyi, kuma nauyin ba ya biyan kansa sai in akwai maimaici sosai a rubutunka. Ɗauki misali kamfani mai ƙera injin famfo kala 12, gargaɗin wutar lantarki iri ɗaya ne a dukkansu, yadda ake canza mai kusan ɗaya ne sai ɗan bambanci a biyu ko uku. A DITA sau ɗaya za ka rubuta gargaɗin, duk sauran wuraren su jawo shi ta conref, wato alamar da ke ɗauko rubutu daga inda aka ajiye shi, ranar da lauyan kamfani ya ce a canza kalma ɗaya, wuri ɗaya za ka taɓa. Matakan da suka bambanta kuma sai ka yi musu alama, lokacin fitarwa fayil ɗin ditaval ya tace wanda ya shafi kowane inji. In kuma ana fassara manuwal ɗin zuwa harsuna da yawa to ribar ta ninku, tunda gutsuren da aka taɓa kawai za a tura wa masu fassara ba littafin gaba ɗaya ba. Amma in kayanku ɗaya ne, harshe ɗaya, marubuta biyu, wallahi babu dalilin jawo wa kai wannan ɗawainiyar, Markdown ko AsciiDoc, waɗanda sauƙaƙan hanyoyin sa alama a rubutu ne, a kan Git mai ajiye tarihin gyare-gyaren fayiloli sun ishe ku, kuma ba abin kunya ba ne.

Sai bayan an gama wannan ne maganar manhaja take da ma'ana. Ba zan ɓoye ba, in aka ce DITA ko DocBook za a yi, ni na fi karkata ga Oxygen na kamfanin Syncro Soft da ke Romaniya. Dalilina ba wai ya fi kowa kyan gani ba ne, asali ma ranar farko da marubuci ya buɗe shi ya ga tagogi da maɓallai ta ko'ina gabansa zai iya faɗuwa. Dalilin shi ne fayil ɗin da ka buɗe shi ne dai fayil ɗin da ke kan kwamfuta, ba wani abu a tsakani. Kana iya rubutu a fuskar da ta yi kama da Word, in wani abu ya rikice ka danna ka koma ka ga alamomin XML ɗin da idonka. Yana aiki a Windows da Mac da Linux, yana zuwa da DITA Open Toolkit a cikinsa, wato kayan da ke juya fayilolin DITA su zama PDF ko shafin intanet, wanda shi kyauta ne kowa zai iya saukewa ya yi amfani da shi ko ba Oxygen. Sannan akwai Schematron, wanda mutane da yawa ba sa kula da shi alhali yana cikin abubuwan da suka fi amfani, da shi za ka rubuta dokokin gidanku, misali kada a bar wani aiki mai haɗari ba gargaɗi a samansa, marubuci na cikin taifin manhajar za ta ja masa layi. Inda Oxygen yake ba mutane wahala shi ne PDF. Wanda yake fitowa kai tsaye ba zai burge manajan talla ba, dole a samu wanda ya iya CSS ko XSL-FO, harsunan da ake tsara kwalliyar shafi da su, ya zauna ya gyara, kuma wannan mutumin ba a cika saka shi a kasafi ba.

FrameMaker kuwa a nan ne ƙarfinsa yake. Tun shekarun 1980 yake, Adobe ta saye shi a 1995, kuma har yau in ana maganar littafi mai ɗaruruwan shafuka da tebura masu tsallaka shafi da lambobin hotuna da fihirisa, wanda za a buga a takarda, da wuya a samu wanda ya fi shi. Yana iya DITA, ba ƙarya. Sai dai abu biyu. Na ɗaya a Windows kaɗai yake aiki. Na biyu, yana da fuska biyu, mai tsari da marar tsari, kuma tsakanin abin da kake gani da fayil ɗin XML akwai EDD, wato fayil ɗin da ke fayyace alamomi da kwalliyarsu, da dokokin karantawa da rubutawa da suke juya abu in an buɗe su sake juya shi in an adana. In wanda ya saita waɗannan ya bar aiki, sai kaga ba mai ƙarfin halin taɓa su. Ga kuma jarabar da ke damun tsoffin hannu, mutum ya saba ya matsa layi da hannu ya rage tazara don shafi ya yi kyau, to wannan gyaran ba ya bin XML ɗin, gobe in an sake buɗewa babu shi, sai a ce manhaja ce ba ta da kyau.

Arbortext, wanda PTC ta saya a 2005, ba na ganin hikimar ɗaukarsa sai in zanen injiniyoyinku da jerin sassan na'ura suna cikin Windchill, manhajar PTC ta ajiye bayanan kayan da ake ƙerawa, dama, a nan haɗin yana da riba ta gaske. XMetaL na JustSystems ma yana nan, tsohon hannu ne a DITA. MadCap Flare ne nake so a yi hattara da yadda ake fahimtarsa. Manhaja ce mai kyau, marubuta suna son ta, shafukan taimako da take fitarwa suna da kyau tun daga farko, kuma fayilolinta a fasahance XML ne tunda XHTML ne. Amma ba ta tilasta wa marubuci tsari irin na DITA, kuma yadda take sake amfani da rubutu da sharuɗɗan tacewa nata ne na kanta. Ita kanta MadCap ɗin da ta so shiga kasuwar DITA sosai sai da ta sayi IXIASOFT, kamfanin da ke yin rumbun ajiyar DITA, a 2023. Don haka wanda ya zaɓi Flare ya zaɓa da sanin cewa ba abu ɗaya ba ne, kar a je gaban shugabanni a ce ai mun koma rubutu mai tsari.

Inda tarkon gaske yake shi ne rumbun ajiya, wato CCMS, manhajar da ke ajiye gutsattsarin rubutu tana bin diddiginsu. Paligo na Suwidin wanda aka gina a kan DocBook, Heretto da a da ake kira easyDITA, Tridion Docs na RWS, Experience Manager Guides na Adobe, duk suna ba ka abubuwan da fayiloli a folda ba za su ba ka cikin sauƙi ba, ka san duk inda aka yi amfani da gutsure kafin ka taɓa shi, ka san wace fassara ce ta tsufa, ka san wa ya amince da me da yaushe. Idan gutsattsarin sun kai dubbai kuma marubutan suna ƙasashe daban-daban, ba makawa sai da irin wannan. Amma shiga cikinsa kamar kama haya ne, ranar tarewa kowa fara'a yake, ranar tashi ake sanin halin mai gida. Wasu rumbunan suna canza sunayen fayiloli da mahaɗai su koma dogayen lambobi da su kaɗai suke ganewa, tarihin gyare-gyare da matsayin fassara kuma sau da yawa a cikin rumbun suke zaune ba a cikin XML ɗin ba. Dillali zai ce maka ai kana iya fitar da kayanka duk lokacin da ka ga dama, kuma ba ƙarya ya yi ba, tambayar ita ce a wane hali za su fito. Kafin a sa hannu a kan komai, a zuba ainihin rubutunku a ciki, a yi aiki da shi, a fitar, a kai wata kwamfuta da ba komai a kanta sai DITA Open Toolkit ko kayan DocBook na kyauta, a ga ko zai haɗu ya fito da mahaɗansa da hotunansa. In dillalin ya fara kame-kame a kan wannan gwajin to ka ji amsarka.

Na san akwai masu cewa duk wannan tsohon yayi ne, XML ya mutu, kowa ya koma Markdown. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, injiniyan sofwaya ba zai taɓa yarda ya koyi DITA don ya gyara sakin layi biyu ba, kuma in ka matsa masa zai turo maka gyaran ta imel ne kawai ka shigar da kanka. Amma Markdown ɗin da John Gruber ya fitar a 2004 don rubutun shafukan intanet aka yi shi, asalinsa bai san gargaɗi ba bai san mataki ba, shi ya sa kowane dandali yake ƙara masa nasa ƙari, har kaga ƙungiya ta ƙare da wani tsari na gida wanda ba wanda ya iya sai su, wato sun sake ƙera rabin DITA ba tare da ma'auni ba. Abin da ya fi dacewa a tambaya shi ne ta ina injiniyoyi da masu duba aiki za su shigo. DITA Open Toolkit yana karɓar fayilolin Markdown a cikin taswira ɗaya da na DITA, akwai kuma masu aiki a burauza irin su Oxygen Web Author da Fonto inda mutum zai gyara ko ya bar tsokaci bai ga alama ko ɗaya ba. Manhajar da ta burge ƙwararrun marubuta uku amma ta kori masu duba aiki talatin ba ta yi ba.

Wani abu kuma da ake mantawa, kuɗin lasisi shi ne ƙaramin kaso. Juyar da tsoffin takardu shi ne mai cin rai, don na'ura za ta iya sa alamomi amma ba za ta iya raba shafin da aka cakuɗa bayani da umarni da gargaɗi a sakin layi ɗaya ba, sai mutum ya zauna ya sake rubutawa. Ga horo, ga mai kula da fayilolin kwalliya. Kuma don Allah a yi haƙuri da ƙirƙirar sababbin alamomi tun a watan farko, DITA ya ba da dama a yi hakan amma duk wanda ka ƙara sai ka ɗauki nauyinsa a duk manhajar da za ka koma nan gaba.

Game da demo, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Dillali da rubutunsa mai tsafta yake zuwa wanda ya san zai fito da kyau. Ku ba shi mafi munin manuwal ɗin da kuke da shi, mai teburin da ya ci shafi huɗu, mai gargaɗi a cikin mataki a cikin wani matakin, da fassararsa ta Larabci da ake rubutawa daga dama da ta Sinanci in kuna sayarwa can, kuma marubutanku ne za su zauna a kan kibod ba ma'aikacinsa ba. Ƙaramar ƙungiya da ta tabbatar tana buƙatar DITA, ni shawarata ta fara da Oxygen da Git, ta yi aƙalla zagaye ɗaya na fitar da manuwal da fassara a haka, in ciwon neman gutsattsari da bin diddigin fassara ya fara yawa sannan ta je kasuwar CCMS, a lokacin ta riga ta san takamaiman abin da za ta ce a nuna mata.