A shata wa ruwa iyakarsa kafin a ƙara yanka filaye a Damagaram

'Yan uwa mutanen Damagaram, maganar filaye ce ke ci mini rai. Da bazara muna bin 'yan garuwa da jarkoki, da damina kuma muna kwashe ruwa daga ɗaka da kwano. Ni a ganina matsalolin nan biyu suna da alaƙa da inda muke barin a yi gini.

Garin nan a kan dutse yake zaune. In sama ta zubo, ruwa ba ya nutsewa da nisa, gangarawa yake yi ya taru a tapkuna irin na Kanya. Shi ya sa rijiyar cikin gari ba ta riƙe mu, kuma ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga nan suka mayar Yamai a 1926. Ruwan famfonmu daga waje ake turo shi: Gogo da Machaya a kudu, Arunguza da Ganaram a arewa.

Na Gogo da Machaya ya fi damuna. Ruwan damina da ke gangarowa ne ake tarewa da madatsai, ya nutse cikin yashi, sannan a zuƙo shi. To duk abin da aka zuba a kan hanyarsa, ko salga, ko bola, ko baƙin man gareji, ina zai tafi? In gidaje da daɓen siminti suka rufe gangaren, ruwan da ke nutsewa ya ragu, wanda ya nutse kuma ya tafi da ƙazanta. Gari kullum faɗaɗa yake, bai kamata mu jira sai gini ya isa can ba.

Doka ba ta rasa ba. Dokar ruwa ta ƙasa ta 2010 ta tanadi a keɓe kewayen wuraren da ake ɗebo ruwan sha. Abin da nake roƙo shi ne a fito da ita daga takarda. Ma'aikatar magajin gari ta zauna da masana ruwa, da masarauta, da masu unguwanni, a auna inda kowane tapki ke kaiwa a shekarar da ruwa ya fi yawa, a ƙara masa tazara, a kafa turakun siminti da kowa zai gani. Haka ma magudanai. Tsofaffi sun san inda ruwa ke bi tun kafin a yi taswira, a tambaye su.

Amma don Allah kada dokar ta fara da talaka. Wanda ya tara kuɗinsa jika-jika ya sayi kango a kwari da rani, ƙasa a bushe, takarda da hatimi a hannunsa, ba shi ne mai laifi ba. Wanda ya yanka wurin ya sayar, da wanda ya sa hannu, su ya kamata a tuhuma. Wanda ya riga ya gina a bakin tapki a ba shi wani fili kafin a ce ya tashi. Mai gona ma da aka hana wa sayarwa yana da haƙƙi: a bar shi ya ci gaba da noma da dashen itatuwa, ko a biya shi diyya.

Aikin awon da rani ake yin sa, tun alamar ruwan bana tana jikin katangu, kuma kada a buɗe sabon lotisma, wato sabon yankan filaye, sai an gama shi.