Yadda Na Tumɓuke Mangwaron Surukina

A cikin watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, wata motar kanta ɗauke da buhunan taki ta kafe a bakin fadamar gonarmu, har tayoyinta na baya suka nutse a taɓo. Taraktar da muka ɗauko haya, Massey Ferguson 375, tana da injin jan kaya mai igiyar ƙarfe a bayanta, amma direbanta ya tafi gari neman man dizal. Da yake na taɓa kallonsa yana aikin har sau biyu, sai na ɗauki kaina gwani, na ce wa yaran mota su kwantar da hankalinsu.

Don Allah a yi mini adalci, na kiyaye abubuwa da dama. Na tuɓe babbar rigata, domin sandar da ke juya injin tana zagayawa sau 540 a minti ɗaya, kuma idan ta kama hannun riga ba ta sakin mai rigar. Na jiƙa buhu na ɗora a kan igiyar, saboda ko da ta tsinke kada ta yi bulala, sannan na kori yaran da suka taru kallo can nesa.

Matsalar ita ce taɓo ya hana taraktar tsayawa saitin motar, don haka na ɗauko fuli, wato ƙaramar tayar ƙarfe mai kwari da igiya ke bi ta kanta, na ɗaure shi da sarƙa a jikin wani mangwaro mai aure, domin igiyar ta karya kwana. A daidai ƙirjina na ɗaure shi, ba a gindin itacen ba, tunda sunkuyawa a cikin taɓo bai dace da gwani ba. Abin da ban sani ba shi ne, idan igiya ta kusa ninkuwa a kan fuli, abin da aka ɗaure fulin a jikinsa yana ɗaukar kusan ninki biyu na ƙarfin ja.

Ina jan liba, motar ko motsi ba ta yi ba, sai mangwaron ya rusuna a hankali kamar mai gaida sarki, ya kwanta da saiwoyinsa a sama. Surukina ne ya dasa shi shekara huɗu da suka wuce, kuma a daidai lokacin ya iso a kan kekensa.

Na durƙusa na ce, “Baba, barka da zuwa.” Ya daɗe yana duban ramin, sannan ya ce, “Sannu da aiki, Malam. Motar ce ta kafe, ko itacen?”

Da direban ya dawo, ya sa aka sauke rabin takin, ya maƙala fulin a jikin motar kanta, ya maido bakin igiyar wajen taraktar, ƙarfin ja ya ninka, motar ta fito salin-alin. Ranar kasuwa na sayo dashe uku na aika ta hannun matata, kuma har yau ta bayan masallaci nake zagayawa idan hanya ta biyo da ni ƙofar gidansa.