Nasiha ga masu shirin jarrabawar lasisin likitanci

Assalamu alaikum 'yan uwa da ƙannena da kuka gama makarantar likitanci, kuke zaune kuna shirin jarrabawar neman lasisi. Ina da magana a kan yadda da yawa daga cikinmu ke karatu, kuma ba lallai ta yi muku daɗi ba.

Sai ka ga mutum ya kwana a kan littafi, ya ja layi da jar biro, ya dawo ya ja da shuɗiya, shafin duk ya yi ado. Ka rufe littafin ka tambaye shi, sai ya fara sosa ƙeya. Ido ya saba da shafin, sai zuciya ta ɗauka ta iya. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka karanta yana zubewa da sauri a kwanakin farko, sai fa in ana waiwayarsa ana ba da tazara. Waiwayar da ta fi amfani kuwa ita ce ka tilasta wa kanka fito da amsa daga ka.

Ku dubi irin tambayar da ake yi. Za a ce ga matashi mai ciwon suga, ya zo yana amai, numfashinsa na fita da ƙarfi, jikinsa ya bushe, suga ya hau sosai. Ba sunan cutar ake nema ba, an san ka sani. Tambayar ita ce: me za ka fara yi? Wanda ya haddace shafi zai zabura ya zaɓi insulin, maganin da ke sauke suga. Wanda ya sha faɗuwa a wannan tambaya tun yana gida zai tuna cewa ƙarin ruwa ake fara sawa, kuma ana duba sinadarin fotashiyam da ke cikin jini kafin a ba da insulin, domin insulin na tura fotashiyam cikin ƙwayoyin jiki, in ya yi ƙasa da yawa a jini zuciya na iya tsayawa. Saboda haka ku riƙa amsa tambayoyi kullum, da agogo a gabanku. Wadda kuka faɗi, ku zauna a kanta har ku gane abin da ya ruɗe ku. Wadda kuka ci da canki-canka ma ku lissafa ta cikin waɗanda kuka faɗi.

Akwai kuma juriyar zama. Matakin farko na USMLE, jarrabawar lasisin likitanci ta Amurka, yana cin kusan awa 8. Jarrabawar PLAB ta Ingila kuwa kashinta na farko tambaya 180 ce cikin awa 3, wato minti ɗaya ga kowace, kashi na biyu kuma a Manchester ake yi, inda za ka yi magana da mai kwaikwayon marar lafiya ana kallonka. Wanda bai taɓa zaman cikakken gwaji a gida ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don Allah ku riƙa barci, ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta riƙe abin da aka zuba mata.

Sai batun tambayoyin sata da ke yawo a Telegram da WhatsApp, waɗanda aka ce wasu ne suka fito da su daga ɗakin jarrabawa. Ku nisance su. Amsoshin da ke jikinsu sau da yawa wani ɗalibi ne irinku ya cinka, ba wanda ya tantance. A farkon 2024 hukumar USMLE ta soke sakamakon ɗaruruwan likitoci da bincikenta ya alaƙanta da Nepal, bayan ta gano alamun sun ga tambayoyin tun kafin su shiga. Cikinsu har da waɗanda suka riga suka fara aikin neman ƙwarewa a asibitoci.