Kwatano ba ta da nisa, shingayen hanya ne bala'in

Wai don Allah titin Badagry hanya ce ko rumfar karɓar haraji? Daga Mile 2 a Legas zuwa Seme, bakin iyakar Najeriya da Benin, ba tafiyar da za ta cinye wa mutum wuni ba ce, daga Seme kuma Kwatano kilomita talatin da 'yan kai ne kawai. Amma ranar Asabar da na je duba kawuna da ke kwance a unguwar Zongo, ana idar da sallar asuba na baro Agege, sai da azahar ta gota sannan na yi masa sallama. Dubiyar ma a tsaitsaye na yi ta, ko ruwan da Gwaggo ta kawo ban shanye ba na kama hanyar dawowa.

Cunkoson Iyana Iba da Okokomaiko ba zan yi maganarsa ba, wannan ciwon kowa ne a Legas. Daga Agbara ake fara cin mutunci. Ganga a tsakiyar titi, katako mai ƙusoshi, wani wurin igiya ce kurum da yaro riƙe da ita, masu kaki suna zaune a inuwa. Kana wuce Badagry kuwa, kafin direba ya sa giya ta uku kun riga kun iso wani shingen. Shi direban ya saba, ya nannaɗe 'yan canji tsakanin yatsunsa tun daga tasha, yana miƙawa ko kallon mai karɓa ba ya yi. Kuɗinmu ne fa, an riga an lissafa shi cikin kuɗin mota.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, duk motar nan ni kaɗai ne mai kaftani da hula, kuma ni kaɗai ake saukewa. "Aboki, sauko!" Na miƙa fasfo. Ya juya shi gaba da baya, ya ce ai ni ɗan Nijar ne. Na ce, "Yallaɓai, ga wurin haihuwa nan a rubuce, Katsina." Ya ce katin rigakafin shawara fa? Na zaro, ga hatimi raɗau. Da ya rasa ta cewa sai ya jefa takardun cikin aljihunsa ya juya yana hira da abokin aikinsa. Ga direba yana danna ham, ga fasinjoji suna tsaki, wata mata na cewa in ba shi wani abu mana mu tafi, kuma na tabbata rabinsu ko katin ɗan ƙasa ba su ɗauko ba. Idan kai kaɗai ka fito, ba mai tsaya maka, ba mai duba maka jaka a mota. Ko ka biya, ko a bar ka a bakin daji. Na biya.

To ina amfanin takardun? Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. A 2018 Buhari da takwaransa na Benin, Patrice Talon, suka buɗe katafaren ginin iyaka na haɗin gwiwa a Seme-Krake, aka ce an huta da jeka-ka-dawo. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakar, sai Disamba 2020 aka buɗe, mu da ke da dangi a tsallake muka haƙura. Duk wannan haƙurin, ƙarshenta mutum mai silifas da gora a hannu shi zai yanke ko zan ga kawuna. In kuɗin nan na doka ne, a kafa allo a rubuta adadinsa, a ba ni rasit, wallahi zan biya ban ce uffan ba.

Kuma tsakani da Allah, da na tsallaka na canji sefa na hau mota, titinsu sumul, ba wanda ya ƙara ce min sauko har cikin gari. Ɗan acaɓa mai rigar ɗorawa ya kai ni Zongo kan farashin da muka yi.

Dawowa ta fi muni, don da magariba shingayen haihuwa suke yi, kuma yanzu shinkafa ake nema. Wace shinkafa a jakar goyo? Abarba biyu ce Gwaggo ta ba ni tsaraba, da dogon burodin nan nasu. Wani ya zazzage min kaya a ƙasa, har da tasbaha, ya ɗaga abarba ɗaya ya jinjina, ya ce wannan ta ofis ce. Ban gama tsince kayana daga cikin ƙura ba ya aiki yaron igiya ya samo masa wuƙa.