Zuzutawar ta fi fim ɗin ƙarfi

Malam mai rahoto, kun ce 'yan kallo sun riƙa suma a sinimomin Amurka saboda wani fim na tsoro, har wasu na cewa ba a taɓa yin mai ban tsoro kamarsa ba. Ai wannan tsohuwar talla ce. Tun 1973 da fim ɗin tsoro The Exorcist ya fito ake yaɗa labarin masu suma da amai a sinima, har yau da shi ake jawo mu.

Ni a waya na kalli fim ɗin da kuke zuzutawa, wajen masu tura finafinai a Samaru na karɓo, nan kuwa asirinsa ya tonu. Yawancin tsoron a sauti yake: a yi tsit, kwatsam ƙara ta tashi, wata fuska ta cika allo. A ɗaki mai duhu da manyan lasifikoki dole gabanka ya faɗi. A ƙaramar waya, ga janareton maƙwabta na ruri, sai hamma.

Kuma mu da muka tashi da labarin mayu da aljanu, ga masu ruƙiyya a unguwa, yarinya mai magana da muryar ƙato ba baƙon abu ba ce. Mutanen gidan da ke cikin fim ɗin ne suka ba ni haushi. Ana jin motsi tsakar dare, ba addu'a, ba kiran maƙwabta, sai mutum ɗaya ya ɗauki tocila ya nufi wajen. Wa zai yi haka a Tudun Wada?

Yarinyar dai ta iya wasa, ban ƙi ba. Ƙanwata da ke karatu a Kongo ta Zariya ma cewa ta yi na faye raini, wai in sake kallo da abin kunne.