Rana ba ta jiran darakta

Jiya na yini a wajen ɗaukar wani gajeren fim a cikin birnin Kano, kuma har yanzu abin yana ci mini rai. Fitowa ɗaya ce tak: uwa tana tankaɗe a tsakar gida, 'yarta na tsugune suna magana. Ƙarfe goma muka isa. Sai da aka ɗora kyamara a kan ƙafarta sannan darakta ya fara tunanin inda za ta tsaya. "Malam, ɗan matso da ita nan. A'a, mayar da ita can." Kafin a gama wannan kai-komo inuwar darbejiya ta bar kan tabarma, gumi ya wanke wa jarumar kwalliya, injin kuwa yana ta shan mai.

Da dare a wurin tacewa asiri ya tonu. Uwa na kallon dama, 'ya ma na kallon dama, kamar ba da juna suke magana ba. Akwai layin da ake ƙaddarawa tsakanin mutum biyu masu magana, a kansa aka gina abin da ake kira ƙa'idar digiri 180. Kyamara ta zauna gefe ɗaya, in ta tsallake shi fuskoki su juye. An tsallake, babu wanda ya lura, don ba a zana tsarin ɗaukar a takarda ba balle a duba.

Na san uzurin: babu kuɗi, babu lokaci. Ni kuwa a ganina marar kuɗin shi ya fi buƙatar biro da takarda. Ko shahararren darakta Alfred Hitchcock, fitowar wanka ta fim ɗinsa Psycho na 1960 sai da mai zane Saul Bass ya zana masa ita hoto bayan hoto, duk da haka ta ci kusan mako guda ana ɗauka. Balle kai da ka ari gidan mutane zuwa magariba.

Ba sai ka iya zane ba, wallahi. Da'ira da 'yan sanduna sun isa. Ka ba kowane ɗauka lamba, ka rubuta daga nesa ne ko kusa, wa ke ciki, ina rana za ta kasance a lokacin. Sannan ka jera su bisa inda kyamara take, ba bisa tafiyar labari ba, ka gama da gefen uwa gaba ɗaya kafin a juya fitilu.

Ƙannenmu masu haɗa bidiyo da AI ma kada su ga sun tsira. Manhaja irin Veo 3 daƙiƙa 8 take ba ka a zubi ɗaya, kuma kowane gwaji da kuɗinsa. Na ga wani yaro ya yi ta zubawa babu tsari, jaruminsa ya shiga zaure da hula zanna, ya fito da rawani.

Mu dai an ce a koma gidan ran Asabar. Matar gidan ta ce sai ta tambayi maigida.