Kafin mu fita sallar roƙon ruwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Duk lokacin da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, masara ta nannaɗe ganye a Saminaka da Giwa da Soba daidai sa'adda take shirin goyo, sai ka ji sanarwa a masallatai: gobe kowa ya fito filin idi. Madalla, sunna ce. Manzon Allah (SAW) ya fita, ya yi raka'a biyu, ya juya mayafinsa. Amma da wace fuska muke fita?

Ibn Majah ya ruwaito cewa duk mutanen da suka hana zakkar dukiyarsu za a hana su ruwan sama, kuma ba don dabbobi ba da ko ɗigo ba za su gani ba. To Alhaji, a ce bara buhu 100 ka kai gida. Gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma haƙƙin mabuƙata ne, ta rani da aka shayar da inji kuwa ɗaya cikin ashirin. Naka buhu 10 ke nan. Nawa suka fita? Wani tiya biyu zai juye wa almajiri a kwano, ya ce ya sauke nauyi.

Sai masu sito. Da sun ga hadari na haɗuwa yana watsewa, sai su danna kwaɗo, su jira kuɗin mudu ya ninka. A Sahihu Muslim ya zo cewa ba mai ɓoye abinci sai mai laifi. Kada wani ya ce ai Annabi Yusuf ma ya tara hatsi. Ya tara, shekara bakwai, cikin zangarniyarsa don kada ya lalace, amma da yunwa ta zo buɗewa ya yi. A shekarar fari da yunwa da ake kira Ramada, ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar daina cin man shanu ya yi har sai jama'a sun farfaɗo, ya aika ga Amr bn Al-As a turo abinci. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 su ne za su gaya muku yadda garken shanu yake ƙarewa a kan idon mai shi.

Akwai kuma abin da hannayenmu suke yi. Ku dubi buhunan gawayi jere a gefen titin Kaduna zuwa Abuja. Ban ga laifin uwar da ke girki da gawayi ba, gas ya fi ƙarfin mutane da yawa. Amma kaɗanya da ɗorawa muke sarewa ba ma dasa ko ɗaya, ƙasa tsirara kuwa ba ta riƙe danshi.

Manomi ma kada ya ce tawakkali ya yi alhali bai ɗaure raƙuminsa ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru kuma tana da irin masara mai saurin nuna da jure fari. Ku tambayi malamin gona kafin ku saye iri a kasuwa.